Kunnen Baba a Dutsen Suda

Daga Abha muka ɗauki hanya bayan asuba,
ni da Baba, da Junaidu ɗan ƙanwata,
kekensa ɗaure a bayan mota, yana kuka a kowace kwana.
Hutuna na asibiti yini ɗaya ne tak.
Na ce yau sai na ga kwarin Tihama da idona,
ba a hoton da ke bangon ɗakin jira ba.

Suda ta tarbe mu da sanyi mai shiga ƙashi.
Itatuwan ar'ar sun tsufa a tsaye,
kowanne da gemun gansakuka yana ɗiga,
kamar dattawan da suka idar da alwala
ba su sami abin goge fuska ba.

Junaidu ya haye keke, ya ɓace a kwanar farko,
sai ƙararrawarsa ke aiko mana da labari.
Na riƙe hannun Baba. Taku goma, mu huta.
Yanar ido ta cinye masa rabin duniya,
amma bai yarda in ce "ga dutse" ba,
sandarsa kan riga ni faɗa.

Da muka isa bakin ƙarfen da ake leƙawa,
wani mutumin Riyad ya riga mu,
ya kafa kyamara mai tsawon taɓarya
a kan ƙafafu uku.
Na leƙa.
Sai ga gajimare yana hawowa daga ƙasa,
daga ƙasa fa, ba daga sama ba,
ya haɗiye kwari, ya haɗiye hanya,
ya zo ya lashe yatsun ƙafata.
Duniya ta koma ƙwaryar nono.

Ina cikin tsaki gwaggon biri ya sure tamis ɗinmu,
ya zauna a kan shinge yana ci, yana kallona,
ko kunya babu.

Baba ya ce, ku yi shiru.

Ya karkata kai kamar mai sauraren kiran salla daga nesa.
Wannan kurciya ce, in ji shi,
amma muryarta ta fi ta gida kauri.
Can ƙasa makwarwa ke tara 'ya'yanta.
Mai daka sau uku ɗin nan alhudahuda ne.
Wancan kuwa hankaka, ko a ina sai ya yi ƙorafi.

Shekara bakwai ya yi yana yaro a Mai Wurno,
a kan rumfar gonar dawa, gab da kogi,
majajjawa a hannu, yana korar su tun fitowar rana.
Wanda ka daɗe kana faɗa da shi, in ji shi,
ko tarinsa ka ji, ka san shi.

Sai wata murya ta tsaga farin nan,
doguwa, mai kaushi, kamar ana jan tsohuwar ƙofa.
Baba ya ɗaga sanda ya nuna.
Mutumin Riyad ya juya taɓaryarsa can,
ya ƙame, ya danna, ya danna,
sannan ya zo ya sumbaci goshin Baba.
Kwana uku yake nemansa, in ji shi,
baƙin tsuntsu mai farin ciki da dogon wutsiya.
Mene ne sunansa a wurinku, ya Ammi?

Baba ya yi jim.
Wannan ban san shi ba.
Baƙo ne a gare ni.
A'a, ni ne baƙonsa.

Junaidu ya dawo da gwiwa a kurje, yana dariya,
muka sha shayi babu burodi,
mayafina ya jiƙe da ruwan da bai sauka ba.

Ban ga Tihama ba.
Washegari na tsaya gaban hoton ɗakin jira,
ga kwari, ga duwatsu, ga rana tas,
amma na kasa kunne, na kasa,
ko kurciya ɗaya babu a ciki.